Wa Ya Kashe Kitchener?

A watan Agusta na 1926 jirgin ƙasa ya sauke wani akwatin gawa a tashar Waterloo da ke birnin Landan. Wanda ya kawo shi ɗan jarida ne mai rubutu da sunan Frank Power. Ya yi watanni yana shelar cewa ya gano kabarin Lod Kitchener a gaɓar tekun Norwe, inda aka tsinci gawar aka binne, kuma ga shi ya tono ta ya dawo da ita gida domin a yi mata jana'izar da ta dace da babban soja. 'Yan sanda suka ƙwace akwatin. A gaban hukuma da babban likitan binciken gawa na wancan zamani, Bernard Spilsbury, aka ɓalle murfin. Wayam. Ko alamar an taɓa kwantar da mutum a ciki babu.

Power maƙaryaci ne, daga baya ma ta fito fili cewa tallar wani fim ce ta sa shi wannan aika-aika. Sai dai maƙaryaci ba ya baza haja inda babu masu saye. Shekara 10 cur da mutuwar Kitchener, mutanen Ingila da yawa ba su yarda an gaya musu gaskiya ba. Wasu na cewa yana raye, fursuna ne a hannun Jamusawa. 'Yar'uwarsa ta jini ma ta daɗe tana riƙe da cewa bai mutu ba. Wasu kuma na cewa ya mutu, amma kashe shi aka yi, kuma da hannun na gida. Tambayar ta cancanci a bi ta daki-daki, domin amsarta tana nan, kuma a kan hanyar zuwa gare ta ne mai karatu zai ga wane irin janar ne wannan mutumin.

Ga abin da kowa ya yarda ya faru. Ranar Litinin 5 ga Yuni 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Fil Mashal Herbert Kitchener, Ministan Yaƙi na Birtaniya, ya isa Scapa Flow, babban masaukin jiragen yaƙin ƙasar a tsibiran Orkney, can ƙuryar arewacin Sikotlan. Rasha ya nufa. Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya gayyace shi a tattauna batun makamai da kuɗi, domin sojojin Rasha sun sha kashi ƙwarai a hannun Jamus a 1915. Ya ci abincin rana da Admiral John Jellicoe, kwamandan jiragen yaƙin da ke wurin, a cikin jirginsa mai suna Iron Duke, sannan ya hau wani jirgin yaƙi, Hampshire. Biyar saura kwata na yamma suka tashi, ana iska mai tsanani.

Ƙananan jirage biyu, Unity da Victor, suka biyo shi rakiya. Ba a yi nisa ba igiyar ruwa ta fi ƙarfinsu, suka kasa riƙe gudun babban jirgin, sai Kyaftin Herbert Savill ya umarce su su koma. Hampshire ya ci gaba shi kaɗai, yana bin gefen yammacin tsibirin, iska na dukansa ta gaba. Wajen takwas saura kwata, kimanin mil ɗaya da rabi daga wani tsaunin gaɓa da ake kira Marwick Head, wani abu ya fashe a ƙarƙashin goshin jirgin. Wuta ta ɗauke nan take, na'urar aika saƙo ta mutu, ko kiran neman agaji ba a samu an yi ba. Kwale-kwalen ceto da aka yi ƙoƙarin saukarwa, igiyar ruwa ta maka su a jikin jirgin suka farfashe. Cikin kusan minti 15 Hampshire ya soka kai ya nutse.

Abin da ya rage wa mutane shi ne wasu faifayen iyo guda uku, masu siffar ƙaton gammo da daɓen katako a tsakiya, inda mutum ke tsayawa ruwa har ƙugu. Gomomin mutane suka cika kowanne. Tekun can ko a watan Yuni sanyinsa ba ya barin mutum ya daɗe. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sulalewa cikin barcin da ba farkawa. Waɗanda suka iso gaɓa da sauran numfashi, da yawansu igiyar ruwa ta buga su da duwatsu. Mutum 12 suka tsira, dukkansu ma'aikatan jirgin ne. Mutum 737 suka mutu. Cikin waɗanda suka tsira akwai wanda ya ba da shaidar cewa ya ga Kitchener a saman jirgin bayan fashewar, yana magana da wasu hafsoshi a natse. Daga nan ba a ƙara ganinsa ba, a raye ko a mace.

To, daga ina zargin ya taso? Duk wanda ya dubi labarin zai ga wuraren da suke wari. Jiragen yaƙi masu zuwa arewa suna da hanyar da suka saba bi ta gabashin tsibiran, wadda ake share ta daga nakiya a kai a kai. Me ya kai Hampshire yamma? Me ya sa aka bar jirgin da ke ɗauke da Ministan Yaƙi babu rakiya? Sannan a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Orkney sai bayan tara na dare, saboda haka mutanen ƙauyen Birsay sun ga jirgin yana nutsewa da idonsu, an kuma buga waya nan da nan. Amma jiragen agaji sai bayan sa'o'i suka iso. Masu jirgin ceto na garin Stromness sun nemi izinin fita, hukumar sojan ruwa ba ta ba su ba. Mutanen yankin sun yi shekara da shekaru suna cewa sojoji sun kore su daga gaɓa a daren, alhali su suka san kowane lungu na duwatsun. Ƙari a kan haka, tafiyar da aka ce ta sirri ce, an daɗe ana hirarta a Landan da babban birnin Rasha. Da aka haɗa waɗannan, sai jama'a suka ce biri ya yi kama da mutum.

Mai neman wanda ya yi kisa yakan fara da tambayar su wa ke da jiƙaƙƙa da mamacin. A nan kuwa Kitchener ya bar jeri mai tsawo.

An haife shi a 1850 a yankin Kerry na ƙasar Ailan, ɗan wani hafsan sojan Ingila mai ritaya. Injiniyan soja ne tun asali. Ƙuruciyarsa ta tafi a aikin safiyo, yana zana taswirar Falasɗinu da tsibirin Kubrus, a nan ya koyi Larabci. Ya shiga sojan Masar, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila, kuma a 1884 yana cikin masu leƙen asirin da aka tura gaba, sanye da tufafin Larabawa, sa'ad da ake ƙoƙarin kai wa Janar Gordon na Ingila ɗauki a Hartum, ƙasar Sudan, inda mayaƙan Mahadi suka yi masa ƙawanya. Ɗaukin bai isa a kan lokaci ba. Mayaƙan Mahadi suka ci garin a Janairun 1885 suka kashe Gordon. A 1892 aka naɗa Kitchener babban kwamandan sojan Masar, a 1896 kuma aka ba shi umarni ya nufi kudu, ƙasar Sudan.

Yadda ya yi wannan yaƙi shi ne mabuɗin halinsa, saboda haka zan ɗan tsaya a kai. Waɗanda suka gabace shi sun dogara da kogin Nilu da raƙuma, kogin kuwa cike yake da wuraren duwatsu da jirgi ba ya wucewa sai lokacin cikowa. Kitchener ya ce layin dogo zai shimfiɗa. A 1896 kwalara ta faɗa wa sansaninsa, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a ƙasar da ba ta saba ganinsa ba ya kwashe wani sashe na layin. Ya tafi wurin da kansa ya tsaya a kan masu gyara dare da rana har aka haɗe. A 1897 ya yi abin da masana suka ce ba zai yiwu ba: ya yanka hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, kusan mil 230, inda sai an ɗauko wa injin jirgin ruwan da zai sha. Matashin injiniyan da ya yi masa aikin, Percy Girouard ɗan Kanada, shi ne wanda daga baya ya gaji Lugga a mulkin Arewacin Najeriya a 1907, kuma shi ya tsara layin dogon Baro zuwa Kano. Darasin da Kitchener ya ɗauka daga Sudan shi ne cewa zafi da ƙishirwa da ambaliya duk abubuwa ne da ake takawa a wuce, muddin mutum ya riƙe jadawalinsa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar 2 ga Satumba 1898, a filin Karari da ke arewa da Umdurman, rundunarsa ta kusan mutum 25,000, yawancinsu Misirawa da 'yan Sudan, ta gamu da Ansaru kusan 50,000 na Halifa Abdullahi, magajin Mahadi. Ansaru suka taso a fili da tutoci da masu da takubba da tsofaffin bindigogi, suka tarar da igwa da bindiga mai ruwa da jiragen yaƙi a kan kogi. Kafin azahar sama da 10,000 daga cikinsu sun kwanta dama. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. An bar dubban masu rauni a fili, an ƙarasa wasu. Bayan haka ya sa aka rushe ƙubbar Mahadi, aka tono ƙasusuwansa aka zuba a Nilu, aka ware ƙoƙon kan. Labarin ya tayar da hankalin har Sarauniya Victoria, dole aka binne ƙoƙon a Wadi Halfa. Winston Churchill, wanda yana matashin hafsa ya halarci yaƙin, ya soki abin a rubuce. Ni a wurina, tsarin da ya kai runduna Karari gwaninta ce da ba a musu, amma abin da aka yi wa masu rauni da kabarin mamaci abin kunya ne da babu lambar girman da za ta wanke shi. Hausawan da ke zaune a Sudan ba sa bukatar a gaya musu nauyin sunan Karari.

Babu dai wanda ya tuhumi mutanen Sudan da nutsar da Hampshire. Wanda ya fito da bakinsa ya ce shi ya yi, daga Afirka ta Kudu ya fito.

Daga ƙarshen 1900 Kitchener ne babban kwamandan Birtaniya a yaƙinta da Turawan Bowa, jikokin mutanen Holan da suka zauna a can. Bowa sun koma yaƙin sari-ka-noƙe, shi kuma ya amsa musu irin ta injiniya: ya datsa ƙasar da waya mai ƙaya da ƙananan ɗakunan tsaro kusan 8,000, ya ƙone gonaki, ya kwashe mata da yara zuwa sansanoni. Ƙyanda da taifot da ƙarancin abinci suka kashe sama da 26,000 na mata da yaran Bowa, ban da dubban baƙar fata da suka mutu a nasu sansanonin, waɗanda ba a ma damu da ƙirga su da kyau ba. A 1902 Bowa suka sa hannu a yarjejeniyar Vereeniging.

Wani Babowe mai suna Fritz Duquesne, wanda ya koma yi wa Jamus leƙen asiri, ya yi iƙirarin cewa shi ya ɗau fansa. Ya ce ya yi shigar wani basaraken Rasha ya shiga tawagar Kitchener, ya yi wa jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin teku ishara, sannan ya tsere kafin fashewar. A 1932 har littafi aka yi a kan wannan. Duquesne ɗan leƙen asiri ne na gaske, Amurka ta kama shi a 1941 ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 18. Amma labarinsa ba ya tsayuwa da ƙafarsa. An san sunan kowane mutum a tawagar Kitchener, babu basaraken Rasha a ciki, kuma babu ɗayansu da ya tsira. Tekun da ya kori jiragen rakiya ya farfasa kwale-kwalen ceto, ta yaya mutum ɗaya zai sulale cikinsa a tsince shi? Ƙiyayyarsa tana da dalili. Shaidarsa ba ta da shi.

Zargi na biyu a kan 'yan kishin ƙasar Ailan ya faɗa. Makonni shida kacal kafin nan suka yi bore a Dublin, Ingila ta murƙushe su ta harbe shugabanninsu, sai aka ce su suka dasa bam a cikin jirgin. Wannan zargi ba a warware shi da gardama. Abin da zai warware shi shi ne a san ko fashewar daga ciki ta taso ko daga waje. Mu ajiye shi tukuna.

Zargi na uku ne ya fi shiga zukata, domin a kan abokan aikinsa na gwamnati yake. A nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914, Firayim Minista Asquith ya ba Kitchener Ma'aikatar Yaƙi. Kusan kowa a lokacin na cewa kafin Kirsimeti an gama. Kitchener ya ce wa ministoci yaƙin zai ci aƙalla shekara uku, kuma sai an tara miliyoyin sojoji. Suka yi masa kallon mai sambatu, amma shi ne mai gaskiya. Birtaniya ba ta da dokar tilasta shiga soja, sai ya yi kira ga 'yan sa-kai. Hotonsa mai kaurin gashin baki, yana nuna mai kallo da yatsa, ya zama fitaccen hoton yaƙin. Kafin ƙarshen 1915 kusan mutum miliyan biyu da rabi sun amsa kira. Wannan shi ne babban aikin rayuwarsa, kuma ban ga wani a Ingilar wancan lokaci da sunansa zai iya yin haka ba.

Sai dai halin da ya yi masa rana a hamada shi ya yi masa dare a Landan. A Sudan shi ne kwamanda, shi ne ma'aji, shi ne akawu. Umarni da baki yake bayarwa, takardun tangaraho a aljihunsa suke kwana. Rundunar mutum 25,000 za ta iya tafiya a haka, ta miliyoyi ba za ta iya ba. Ba ya raba aiki, ba ya son shawara, kuma ba ya gaya wa ministoci sirrin yaƙi domin yana ganin bakinsu ba ya riƙe magana. A Indiya ma, inda ya yi kwamanda daga 1902 zuwa 1909, rigimarsa da Gwamna Curzon sai da ta kai Curzon ga ajiye aiki. A watan Mayun 1915 aka yi kukan ƙarancin harsashin igwa a fagen daga na Faransa, jaridar Daily Mail ta ɗora masa laifin. Jama'a suka fusata da jaridar har aka ƙone ta a kasuwar hannun jari ta Landan, amma ministoci suka yi amfani da damar suka cire harkar makamai daga hannunsa suka ba wani minista, Lloyd George. Yaƙin Gallipoli ya ƙare da asara, aka ƙara rage masa iko: a Disambar 1915 tsara dabarun yaƙi ya koma hannun Janar William Robertson. Ƙarshen Mayun 1916 har ƙudurin rage masa albashi aka kawo a majalisa domin a tozarta shi. Sannan ga wani abu da masu zargi suka riƙe gam: da farko an shirya Lloyd George zai yi tafiyar tare da shi, sai Asquith ya tsayar da shi ya ba shi aikin sasanta rikicin Ailan. Wata guda bayan mutuwar kuma Lloyd George ne ya hau kujerar.

Duk wannan gaskiya ne, amma a duba inda yake nunawa. Mutumin da aka riga aka zare wa makamai da dabarun yaƙi, sunansa kawai ya rage, kuma sunan nan gwamnati tana cin moriyarsa. Ministan da ya iya ƙwace ikon abokin aikinsa da takarda ba shi da bukatar nutsar da jirgin yaƙi da mutum sama da 700, kwana huɗu bayan ƙasar ta yi asarar jirage 14 a gumurzun teku da Jamus a Jutland. Kuma ranar da aka kai irin wannan magana gaban alƙali, ta rushe. Lod Alfred Douglas, wanda ya yi ta yaɗa cewa Churchill da wasu attajiran Yahudawa sun ƙulla makirci a kan labarin Jutland, yana kuma jingina mutuwar Kitchener ga Yahudawa, ya kasa kawo hujja. A 1923 aka ɗaure shi wata shida saboda ɓata sunan Churchill.

Masu ƙiyayya dai ga su nan birjik, amma ƙiyayya ba ta huda ƙarfe. Sai mu bar mutane mu koma teku, mu tambayi abin da ya taɓa jirgin.

Amsa ta fara fitowa tun a makonnin farko. Jiragen share nakiya da aka tura wurin suka riƙa tsamo nakiyoyin Jamus, irin waɗanda ake ɗaurewa da waya a gindin teku su tsaya a ƙarƙashin ruwa suna jira. Ranar 22 ga Yuni wani ƙaramin jirgi cikin masu aikin, Laurel Crown, ya taka ɗaya a wannan wuri ya tarwatse, mutum 9 da ke cikinsa suka mutu. Ashe gonar nakiya ce a gefen Marwick Head. Shekara 100 bayan haka, a 2016, masu nutso suka binciki Hampshire inda yake kife a zurfin kusan mita 70, suka tarar da ɓarnar a goshinsa, daidai da abin da nakiya ke yi. Maganar bam ɗin 'yan Ailan da ta Duquesne duk sun faɗi a nan.

Wa ya shuka nakiyoyin, kuma yaushe? Bayan yaƙi takardun sojan ruwan Jamus suka ba da amsa. Jirgin ƙarƙashin teku ne mai lamba U-75, a ƙarƙashin Curt Beitzen, ya zuba nakiya sama da 20 a wurin a daren 28 wayewar 29 ga Mayu. Mako guda ke nan kafin Hampshire ya biyo.

Mai zargi zai ce to ai shi ke nan, Jamusawa sun ji labarin tafiyar suka yi masa kwanton ɓauna. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da suke da ita, kuma a nan ne kwanan wata ya yanke hukunci. Babban kwamandan jiragen Jamus, Admiral Scheer, yana shirin fitowa da rundunarsa a ƙarshen Mayu domin ya jawo jiragen Birtaniya su fito. Kafin ya fito sai ya tura jiragen ƙarƙashin teku su yi kwanto, wasu kuma su shuka nakiya, a bakin masaukan Birtaniya, domin a rage su tun kafin a gamu. Wannan shiri ne ya haifi gumurzun Jutland na 31 ga Mayu da 1 ga Yuni, wanda Hampshire kansa ya halarta ya dawo lafiya. U-75 ɗaya ne daga cikin waɗanda aka tura. Tarkon na manyan jiragen Jellicoe ne, su kuma da suka fita ba su bi ta nan ba, sai nakiyoyin suka zauna.

Ga kuma abin da ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Ranar 29 ga Mayu babu mahalukin da ya san Hampshire zai bi ta yamma, domin ba a yanke wannan shawara ba sai ranar tafiyar, sa'o'i kaɗan kafin a tashi. Ko da Jamus ta san ranar, ta san jirgin, hanyar gabas za ta tare. Ba a yi wa mutum kwanto a hanyar da shi kansa bai san zai bi ba.

Me ya sa aka sauya hanyar? Iska. Da safiyar ranar guguwar daga arewa maso gabas take bugowa, hanyar gabas ta zama wurin da ƙananan jiragen rakiya ba za su iya gudu ba. Jellicoe da hafsoshinsa suka ga cewa idan aka bi ta yamma, kusa da gaɓa, tsibirin zai tare iskar, rakiya ta samu tafiya. Suna kuma ganin da wuya jirgin shuka nakiya ya iso nan ba a gan shi ba, ga gajeren dare irin na bazarar arewa. Lissafin ya yi kyau a takarda. Abin da ba su karanta daidai ba shi ne cewa irin wannan guguwa juyawa take yi. Cibiyarta na wucewa iskar ta koma arewa maso yamma. Gefen da aka zaɓa domin kariya shi ya zama bakin duka. Shi ya sa Unity da Victor suka kasa, shi ya sa aka mayar da su, kuma a irin wannan teku kyaftin yana da dalilin ganin cewa babu jirgin ƙarƙashin teku da zai iya kai hari. Mugun yanayin ne kuma ya hana a share hanyar kafin a bi ta.

Saura tambaya ɗaya: me ya hana a jira? Jellicoe ya rubuta daga baya cewa abu ɗaya da zai iya hana wannan musiba shi ne a ɗage tafiyar kwana biyu ko uku har iska ta lafa a share hanya, kuma Kitchener ba zai taɓa yarda da haka ba. Ya ware wa tafiyar mako uku, ya tsara kowace rana, ba ya son ko ɗaya ta salwanta. Dole a auna wannan magana da sanin cewa mai faɗinta yana da abin karewa, wanda ake faɗa a kansa kuwa ba ya nan balle ya musa. Amma ta yi daidai da mutumin da muka gani a hamada, wanda ambaliya da kwalara ba su sa ya sauya jadawali ba. Shekara 20 duk wanda ya ce masa abu ba zai yiwu ba sai ya kunyata shi. Da wuya a samu hafsan da zai dubi idon irin wannan mutum ya ce masa yau ba za ka tafi ba. Duk da haka teku a hannun Jellicoe yake, ba a hannun baƙonsa ba, kuma shi ne ya kamata ya faɗa.

Batun agaji kuwa, a nan mutanen Orkney suna da gaskiya, fushinsu kuma halal ne. Saƙon farko bai fayyace cewa jirgin ya nutse ba, hafsoshin da ke bakin aiki suka tsaya neman tabbaci da jiran umarni, aka ɓata lokacin da ba a da shi. Hana masu jirgin ceto fita, da nesanta manoman da suka san gaɓar, aikin hukuma ne mai ganin farar hula ba su da hurumi a harkar soja. Ba makirci ba ne, sakaci ne da girman kai, kuma mai yiwuwa ya ci rayukan da igiya da hannun maƙwabci za su iya cetowa daga duwatsun nan. Wannan ne ma ya ciyar da jita-jitar. Ma'aikatar Sojan Ruwa tana da abin ɓoyewa, wato kurakuranta, sai ta yi bincikenta a asirce ta yi gum, ba ta fitar da cikakken bayani ba sai a 1926, lokacin da hayaniyar Power ta tilasta mata. Shirun shekara 10 ya ishi kowane maƙaryaci gina gida.

Hukuncina ke nan. Babu wanda ya ƙulla wa Kitchener gadar zare. Nakiyar Beitzen ce ta kashe shi, wadda aka shuka domin wasu jirage dabam. Kuskuren hafsoshin Jellicoe wajen karanta iska ne ya kai shi kanta, gaggawarsa ta hana a jira, sakacin hukuma kuma ya ƙara yawan gawawwaki. A 1926 mutanen Orkney suka tara kuɗi suka gina hasumiya a kan Marwick Head, sunan Kitchener kaɗai ke jikinta. Sauran mutum 736 da suka mutu tare da shi, waɗanda aka yi shekaru ko adadinsu ba a faɗa daidai, sai a 2016 aka rubuta sunayensu a bangon da aka gina gefenta, tare da na mutum 9 na Laurel Crown.